Idan Ba a Ba Ka Likitanci Ba: Yadda Za Ka Zaɓi Wani Kwas Ba Ka Yi Biyu Babu Ba

Tun ina aji huɗu a sakandare aka daina kirana da sunana a gidanmu. Dakta ake ce min. Inna ce ta fara, ranar da na kawo sakamako na yi na ɗaya a bayoloji, shi ke nan suna ya bi ni har rumfar Baba a kasuwar Malumfashi. Tsofaffin unguwa kan tare ni su ce, "Dakta, gwiwar nan tawa fa ta hana ni barci," ni kuma in yi murmushi kamar da gaske na san wani abu. To ka ƙiyasta halin da na shiga a 2012, da jerin farko na sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka ya fito babu ni, na biyu babu ni, na uku ma haka. Maki 231 na ci a JAMB, lokacin ana yin ta da fensir da takarda. Jami'ar da na nema, ba sai na kama suna ba, ko kallo ban ishe ta ba.

Na sake zama a 2013, na ci 244, aka sake barina a waje. Sai a shekara ta uku na shiga karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wanda kowa ke ce wa lab, kuma da shi nake ci nake sha yau. Shekara biyu cur na yi ina auna masara da dawa a tiya, ina jiran gawon shanu. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min tun a shekarar farko. Da likitanci zan fi ba da misali don shi na ɗanɗana, amma mai neman lauya ko injiniya zai ga kansa a ciki.

Fara da gano abin da ya kayar da kai

Ba kowa ne maki ya kayar ba, kuma wanda bai san ciwonsa ba zai sha maganin wani. Tun 2017 duk wani gurbin karatu ta shafin CAPS na JAMB yake bi, don haka can za ka fara leƙawa, ba wurin mai shayi ba. Abu na farko, duba ko sakamakonka na WAEC ko NECO yana kan shafin. Yara da yawa suna yin rajista suna jiran sakamako, idan ya fito sai su manta ba su koma cibiyar CBT, inda ake rajista da jarrabawar JAMB ta kwamfuta, an ɗora musu ba. Ɗan maƙwabcinmu ya ci sama da 260, ya zauna yana zagin jami'a wata uku, ashe wurin sakamakonsa fayau yake. Babu jami'ar da za ta miƙa sunan wanda ba ta ga kiredit ɗinsa ba. Kiredit biyar ake nema har da Turanci, da lissafi ga mai neman kwas irin na kimiyya, kuma a likitanci jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke son su, ba haɗin WAEC da NECO ba. Sai ka duba ko ka yi rajistar tantancewar jami'ar, wato post-UTME, a kan lokaci, da kuma ko ita ce zaɓinka na farko, domin manyan jami'o'i ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba.

Idan duk waɗannan sun cika, to maganar gurbi ce. Nan ne mutane ba su fahimta ba, har Baba. Shi a ganinsa tun da an ce makin shiga jami'a kaza ne, ni kuma na wuce shi da nisa, to zalunci aka yi min. Makin da JAMB ke sanarwa, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ƙofar zaure ce kawai. Kowace jami'a na da nata, kowane sashe na da nasa, kuma yawanci ana haɗa makin JAMB da na tantancewa a fitar da jimla. A likitanci kuma hukumar kula da likitoci, MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Dubbai su nema, kujeru 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. A jami'o'in tarayya ana raba kujerun: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da jami'ar ke hidimtawa, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa za ka ga wanda ka fi maki ya samu kai ba ka samu ba, kuma ba lallai ne da hannun wani a ciki ba. Ban ce ba a yin alfarma ba. Amma wanda ya ci 231 yana neman likitanci a babbar jami'a, ba alfarmar wani ce ta hana shi ba, kuma sai da na shekara biyu kafin na yarda da wannan.

Darussa huɗun da ka rubuta su ne iyakar gonarka

Kafin ka fara mafarkin wani kwas, ɗauko takardar sakamakonka ka dubi darussan da ka zauna. Mai neman likitanci ya rubuta Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Babu lissafi a ciki. Wannan na nufin a bana ba zai iya komawa injiniya ba, ba zai iya komawa kimiyyar kwamfuta ba, komai son da yake musu. Na ga yaron da ya biya kuɗi ya canza zuwa kwamfuta saboda an ce masa ita ke tashe, ya yi asarar shekarar gaba ɗaya. Abin da ke buɗe masa shi ne harhaɗa magunguna, aikin jinya, lab, fisiyo (wato gashin ƙashi), ɗaukar hoton asibiti, likitan dabbobi, likitan ido, aikin gona, kimiyyar abinci, bayokemistiri, maikurobayoloji, da koyar da kimiyya. Ba kaɗan ba ne.

Haka mai neman lauya da ya rubuta adabin Turanci da gwamnati da ilimin addini. Zai iya duba kimiyyar siyasa, tarihi, aikin jarida, Turanci, nazarin addinin Musulunci. Amma tattalin arziki da akanta suna son lissafi, don haka ya cire su daga rai a wannan shekarar. Mai neman injiniya ya fi kowa sararin juyawa, tunda yana da lissafi da fiziks da kemistiri: kwamfuta, fiziks ɗin kansa, lissafi, ƙididdiga, jiyoloji, safiyo, duk suna kusa. Kada ka dogara da abin da na lissafo. JAMB na da kundin kwasa-kwasai a intanet, ana ce masa IBASS, ka sa sunan jami'a da kwas ya nuna maka darussan da suke so, domin wata jami'ar kan saka nata sharaɗin da wata ba ta saka ba.

Kada ka shiga kwas don ka fake kafin ruwa ya ɗauke

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi faɗawa rami. Da an hana yaro likitanci, abin da kowa zai ce masa shi ne, "Karɓi anatomi ko fisiyoloji, idan ka yi ƙoƙari a aji ɗaya sai su mayar da kai." Ni ma an faɗa min. Abokina da muka tashi tare ya karɓa a kan wannan alkawarin. Ya yi karatu kamar zai mutu, ya fita da maki mai kyau a aji ɗaya, ya cike fom ɗin canja sashe, aka ce babu gurbi. Dama ina gurbin zai fito? Kujerun likitanci ƙidayayyu ne, sun cika tun daga ƙofa, har ma akan rage wasu a ƙarshen aji ɗaya. Ana samun wanda ya tsallaka jefi-jefi a wasu wurare, amma ba abin da za ka ɗora shekara huɗu ta rayuwarka a kansa ba ne. Abokin nan nawa ya ƙarasa fisiyoloji da ɓacin rai, kullum yana hangen 'yan farar riga suna wucewa asibiti, shi yana jin kamar a bakin ƙofa aka ajiye shi. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya nemi shiga aji biyu na likitanci da digirinsa, can ma ya tarar da layi. Yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, kuma malami ne na gaske, sai dai da bakinsa ya ce min da ya san nan zai ƙare da ilimin koyarwa ya karanta tun farko, ya samu rajistar hukumar malamai, TRCN, ba tare da ya sake komawa aji ba.

Ba aibata anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri nake yi ba. Ilimi ne mai zurfi, waɗanda suka karanta su ne malaman da ke koyar da likitocin kansu a shekarun farko. Amma hanyarsu ta bincike ce da koyarwa, mai son ya ci moriyarsu sai ya shirya yin digiri na biyu da na uku. Idan haka kake so, bismilla. Idan kuwa don sunan ya yi kama da likitanci ne, ko don a ce kana tsangayar lafiya, ka tsaya.

Tambayar da nake yi wa duk yaron da aka turo min ita ce: in an ce daga wannan kwas ɗin babu canji har ka gama, za ka shiga? Idan ya yi jim, na san amsar.

Sai tambaya ta biyu, wadda ni ban san ana yin ta ba a lokacina: idan ka gama, akwai hukumar da ke ba ka lasisin aiki? A fannin lafiya wannan ne ke raba kwas da kwas. Mai harhaɗa magunguna yana da PCN, ma'aikacin jinya yana da hukumar jinya da ungozoma, mu 'yan lab muna da MLSCN, likitan dabbobi yana da tasa, haka 'yan fisiyo da masu ɗaukar hoto. Waɗannan kwasa-kwasan shekara biyar ne ko shida, galibi sai ka ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, amma idan ka fito kana da sana'a a hannu wadda doka ta ce sai mai lasisi zai yi ta. Wanda ya karanta maikurobayoloji shekara huɗu ya san ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma ba zai sa hannu a sakamakon gwajin majiyyaci ba. Da yawansu sai sun gama suke jin wannan, wasu har su dawo su shiga lab daga aji biyu. Mun yi karatu da irinsu, wani ya girme ni da shekara shida.

Amsar waɗannan tambayoyin ba a waya take ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ni abin da ya juya min tunani, wani abokin Kawu ne da ke aiki a lab ɗin babban asibitin garinmu. Kawu ya gaji da ganina a rumfa, ya ce in je in wuni wurinsa. Na je ina hura hanci, don ni a lokacin ɗan lab mai karɓar fitsari ne kawai. Mutumin bai ce min komai ba, ya ɗiga jinin wata yarinya a gilashi, ya shafa, ya bari ya bushe, ya rina shi da wani ruwa mai launin shuɗi, ya ɗiga mai, ya saita madubin ya ce in leƙa. Da farko dishi-dishi na gani. Ya ɗan murɗa, sai ga ƙwayoyin jini birjik kamar an watsa kwabbai, a cikin wasu kuma wani ɗan zobe siriri da ɗigon ja a gefe kamar dutsen zobe. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne zazzaɓin cizon sauro. Likita yana can yana jiran abin da zan rubuta kafin ya san me zai ba ta." Na wuni a kan kujerar nan har la'asar, na ga yadda ake gwada rukunin jini kafin a ƙara wa mai haihuwa, na ga saurayi da budurwa sun zo gwajin sikila suna ta satar kallon juna. Da na koma gida ban ce wa kowa komai ba, amma a raina an gama.

Don haka ka nemi mutum biyu da suka gama kwas ɗin da kake tunani, ba waɗanda ke aji biyu ba, don su har yanzu ɗoki suke yi. Ka tambaye su ina suke aiki, wata nawa suka yi kafin su samu, abokan ajinsu fa ina suka shiga. In da hali ka wuni wurin aikinsu. Wata ta ce tana son jinya har ranar da ta kwana a ɗakin haihuwa tare da yayarta, da safe ta ce a kai kasuwa. Wani kuma ya raina likitan dabbobi har ya bi wani zuwa gonar kaji da rugar Fulani, ya ga yadda ake layinsa. A ƙasar da kowane gida ke da akuya ko tunkiya, ban san dalilin da ya sa muke yi wa wannan kwas ɗin kallon baya ba, alhali ABU Zariya da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri sun daɗe suna koyar da shi.

Wani tarkon kuma: gudun likitanci zuwa jinya ko harhaɗa magunguna da maki 210 ko 220 a babbar jami'a. Duk waɗanda aka hana likitanci can suke kwarara, har da masu 270. Sai ka bar layi ka shiga wani layin mai tsawo irinsa, a hana ka sau biyu a shekara ɗaya. Kafin ka canza, ka nemi sanin makin da aka tsaya a kai bara a wannan sashen. Wasu jami'o'in suna wallafawa, wasu kuma sai ka tambayi 'yan aji ɗaya na sashen, su sun san da nawa suka shiga. Ka zaɓi inda makinka ke sama da na bara da ɗan rata, ba inda yake laɓe a gindin layi ba.

Wani lokacin ma ba kwas ne ya kamata ka canza ba, makaranta ce. Kowa idonsa na kan Zariya da Bayero, kamar su kaɗai ne jami'a a Arewa. Akwai na tarayya da aka buɗe a 2011 a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, da na 2013 a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ga ta kimiyyar lafiya a Azare, ga na jihohi irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Kaduna, da ta Gombe, da Sule Lamido a Kafin Hausa, da ta kimiyya da fasaha a Wudil. Jami'ar jiharku ta fi kowa saurin dubanka. Sai dai sabuwar makaranta ko sabon sashe na son bincike: hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin? Hukumar sana'ar ita ma ta amince? Abu biyu ne daban. Ana iya samun sashen da ke da ɗalibai har aji huɗu bai samu amincewar hukumar sana'a ba, yara su yi ta zama ba su gama ba. Ka kuma yi lissafin kuɗin makaranta da na mota da na ɗaki tare da wanda zai biya, tun kafin ka danna komai. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, amma sai ka shiga tukuna ake nema, kuɗin rajistar farko daga aljihun gida zai fito.

Yadda ake canjin kansa

Wannan ba shi da wuya. Za ka je cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita ko ofishinta na jiha, ka biya kuɗin canjin kwas ko makaranta. Shekarar da na kai ƙanwata naira 2,500 ne, ban da ɗan abin da cibiyar ta karɓa. Ka je da kanka, ka tsaya a kan mai danna kwamfutar, ka karanta abin da ya zaɓa kafin ya tura, ka karɓi takardar shaida. Kada ka bar wa mai shagon intanet lambar sirrinka ka tafi. Kuma kafin ka biya, ka tabbata makarantar da za ka koma ba ta rufe rajistar tantancewarta ba, in ba haka ba ka saki reshe ka kama ganye. Wasu jami'o'in da kansu suke fitar da sanarwa cewa waɗanda ba su kai makin sashe kaza ba su koma kaza da kaza kafin rana kaza. Ka riƙa duba shafin jami'ar da kanka, kada ka jira a turo maka a WhatsApp.

Wani lokacin jami'a ce za ta yi maka tayin wani kwas ta CAPS, sai ka amince kafin ta mayar da kai. A nan ne yara ke yin gaggawa ta fuska biyu. Wani ya ƙi cikin fushi, "Ni za a ba ilimin tsirrai?", ya rasa duka. Wani kuma ya karɓa hannu na rawa bai san me ake koyarwa a ciki ba. Ka sani idan gurbi ya fito ka danna karɓa, an rufe maka na bana, wata makarantar ba za ta ƙara ba ka ba. In ka ƙi kuma, ya tafi. Akwai wa'adi, amma ba na minti biyar ba ne. Ka kwana a kai, ka yi istihara, ka kira waɗancan mutum biyun.

Sai masu "hanya". A shekarata ta biyu wani mutum mai babbar riga ya zo har rumfa ya ce wa Baba yana da ɗan'uwa a ofishin ɗaukar ɗalibai. Baba ya sayar da buhun masara huɗu ya ba shi. Har yau lambarsa a kashe take. Wanda ma ya fi wannan muni shi ne a ba ka takardar shiga ta bayan fage, ka yi shekara huɗu, ranar tafiya hidimar ƙasa a ce JAMB ba ta san da kai ba. Duk gurbin da bai bayyana a CAPS ɗinka ba, ba gurbi ba ne.

In kuma ka ce sai dai ka sake gwadawa

Ba zan hana ka ba, tunda ni ma na yi. Amma ga sharaɗina: sau ɗaya, kuma sai idan tazarar da ta rage maka kaɗan ce, kuma akwai abin da za ka canza a shirinka. Ni daga 231 zuwa 244 na tafi a shekara guda, saboda littattafan bara na sake karantawa a yadda na karanta su bara, tsakanin mai sayen tiya ɗaya da mai sayen biyu. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. A 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna, baɗi kuma ga sabbin da suka gama sakandare da ɗumin karatu a kansu, kai kuma naka yana hucewa.

Zaman gida shi ne mafi munin zaɓi. Gara ka shiga IJMB, wadda ABU Zariya ke kula da ita, ka yi kusan shekara kana karatun darussa uku a aji, in ka samu maki mai kyau ka nemi aji biyu kai tsaye, abin da ake ce wa DE. Ana yin ta a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, da kwalejin CAS a Kano, da kwalejoji irinsu a wasu jihohin. Amma fa a likitanci ƙofar DE ma ƙunci gare ta, kada a ruɗe ka. Akwai kwalejojin jinya, waɗanda a 2025 aka tsayar musu da maki 140, akwai difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha, akwai NCE ta shekara uku, duk suna iya kai ka jami'a daga baya, kuma ka fito da takarda a hannu ko da ba ka ci gaba ba. Wasu kuma sukan karɓi kwas ɗin da aka ba su, su sake zama JAMB suna aji ɗaya. Yana yiwuwa, amma ka faɗi gaskiya wurin rajista cewa kana wata makaranta, kuma ka san jifan tsuntsu biyu ne, sau da yawa duka suke tashi.

Ka kuma ƙirga shekaru da yatsa. Likitanci shida ne a takarda. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya ci wata biyar da ɗoriya, na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas. Wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ga 'yan mata kuwa, kowa ya san shekara biyu a gida ba tare da makaranta ba me take jawowa, magana za ta fara zuwa daga dangi, kuma ba kowane miji ke cika alkawarin "za ta ci gaba a ɗakinta" ba.

Saura gida. Wallahi sau da yawa yaron ya haƙura tun tuni, iyaye ne ba su haƙura ba, don sun riga sun faɗa wa duniya ɗansu likita zai zama. Kada ka tare su da "ni na fasa". Ni Kawu na samu ya raka ni, bayan sallar isha'i, Baba na zaune a tabarma yana sauraron rediyo. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi shawara ne, in ka amince." Na faɗa masa shekara nawa ne, a asibiti ake aikin, ga wane da ya sani yana yi, ga kuɗin makarantar. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Can ya rage muryar rediyon ya ce, "Farar riga ake sawa?" Na ce ana sawa. Ya ce, "To Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya mayar da rediyonsa.

Ƙanwata da na ambata 218 ta ci tana neman jinya. Mun zauna da ita dare biyu da takarda da biro, muka soke abin da darussanta ba su kai ba, muka soke inda makinta ba zai shiga ba, ya rage uku. Na kai ta wurin wata ma'aikaciya a asibitinmu da ke tsara wa masu ciwon suga da yara masu tamowa abinci, ta wuni tana kallon yadda ake auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku. Kimiyyar abinci ta zaɓa, a jami'ar da ba ta cikin lissafinta da farko. Tana aji uku yanzu, kuma duk hutun da ta zo sai an yi rigima da Inna a kan yawan man da take zubawa a miya.